Lalube: Daren da Na Naɗa Fim ɗin Mahaifina

Kalmar lalube tana cikin kalmomin da ɗalibin Hausa yake koyo da wuri, ya kuma ɗauka ya gama da ita. Akan gaya masa cewa laluba ita ce neman abu da hannu a inda ido ba ya aiki, kamar mai neman ashana a ƙarƙashin matashi da tsakar dare, ko makaho mai bin bango. Daga nan aka sami lalube cikin duhu, wato yin aiki ba da sani ba. Shekara da shekaru ina koyar da ita haka, har ranar da na yi wani lalube na gaske, na gane cewa ma'anar da nake bayarwa ba ta cika ba. Labarin wannan lalube ne zan ba ku yau, tare da kalmomin da na tsinta a hanya.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin makarantar firamare ne a Damagaram. Yana da kyamara ƙirar Zenit, irin ta Tarayyar Sobiyat, baƙa mai nauyi kamar dutsen niƙa, wadda ya saya a hannun wani abokin aikinsa. Ranar ƙaramar Sallar 1989, wadda ta faɗo cikin watan Mayu, ina da shekara takwas, ya rataya ta a wuya ya kai mu kallon hawa a ƙofar fadar Sarki, ni da ƙanena mai shekara uku, wanda Inna take kira Auta. Bayan Salla da kwanaki kaɗan ƙyanda ta kama Auta, mako bai zagayo sau biyu ba aka kai shi makwancinsa. Daga ranar ban sake ganin kyamarar a wuyan Baba ba. Ba mu da hoton Auta ko ɗaya, ba kuma a ambaton sunansa a gida.

Baba ya rasu a 2016. Da aka buɗe akwatinsa na ƙarfe, sai ga kyamarar naɗe cikin tsohon rawani, lissafin hotunanta ya tsaya a kan 14. Na taɓa hannun mayar da fim, na ji da ƙarfi, alamar akwai fim a ciki ke nan. Inna ta karɓe ta daga hannuna ta mayar cikin rawanin, ba ta ce kome ba, ni ma ban ce ba. Sai a 2021, sa'ad da yana ta fara rufe mata ido ɗaya, ta kira ni bayan sallar isha'i ta ce, "Abin nan na babanku, ana iya wanke shi har yanzu?" Na ce ban sani ba, Inna, amma zan tambaya. Ta ce, "Ya ɗauki Auta ranar Salla, ina tsaye. Ina so in ga fuskar yaron nan kafin idon ya rufe."

Abin da ya fara damuna ba wuyar aikin ba ce. Mutum ya rufe abu shekara ashirin da bakwai, yana iya buɗewa bai buɗe ba, ni wane ne da zan buɗe bayan ransa? Na faɗa wa Inna haka. Ta yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ta ce, "Shi ya kasa ne. Ni kuwa kara ta hana ni tambayarsa." Ɗalibai, ku lura da kalmar kara a nan: dannewar abin da rai yake so don gudun nauyaya wa wani. Kowannensu ya yi wa ɗan'uwansa kara, fim ɗin kuma yana kwance cikin zafin Damagaram yana lalacewa a hankali.

Na zagaya shagunan hoto na gari, kowa ya ce an daina wankin fim, yanzu kwamfuta ce. Daga ƙarshe aka nuna mini wani tsoho kusa da Kasuwar Dole, wanda ya yi sana'ar tun ina yaro. Ɗakin duhunsa ya zama ma'ajiyar kayan wani ɗan kasuwa, hannunsa kuma yana rawa. Ya saurari labarina har ƙarshe, ya juya kyamarar, ya ce, "Ɗana, da wannan hannun ba zan ɗauki alhakin fim ɗin nan ba. Kayan aiki suna nan, zan koya maka, amma kai za ka naɗa da kanka." Ya sa na danna ɗan maɓallin da ke sakin fim, na riƙa juya hannun mayarwa sannu sannu, kunnensa a jikin kyamarar, don tsohon fim yana iya tsinkewa. Da ya ji bakin fim ya saki, ya ce in buɗe. Kwanson da ke ciki Ilford FP4 ne, baƙi da fari, mai hoto 36. Tsohon ya yi hamdala, ya ce da mai launi ne da sai an riƙe ruwan wankinsa a wajen digiri 38 ba ragi ba ƙari, kuma launinsa ba ya jure shekaru kamar baƙi da fari.

A nan na fara koyon harshen sana'ar. Fitar da hoto daga fim, wanki ake ce masa, ko da yake ba datti ake cirewa ba. Fim ɗin da haske ya taɓa, cewa ake yi ya ƙone, ko da yake wuta ba ta kusance shi ba. Abin da ke fitowa bayan wanki, inda fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari, shi ne dodon hoto. Tsohon ya bayyana mini cewa a fuska ɗaya ta fim akwai shafe na jalatin, wanda ake samu daga ƙashi da fatar dabba, cikinsa kuma da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Haske yana taɓa su ya bar tabo wanda ido ba ya gani, maganin wanki ne yake mai da tabon baƙar azurfa. Na tambaye shi jar fitilar da nake gani a fina-finai. Ya yi dariya ya ce wannan ta takardar hoto ce. Fim irin wannan yana jin kowane launi, har ja, saboda haka duhu yake so baƙi ƙirin.

Sa'an nan ya fito da tankinsa, ƙirar Paterson ta Ingila: baƙin gwangwanin roba, da sanda mai rami da ke tsayawa a tsakiya, da murfi mai siffar mazurari wanda ruwa yake shiga ta cikinsa haske bai bi shi ba. Cikinsa akwai abin da yake kira faifai, wato fararen faya-fayai biyu na roba a haɗe, kowanne da hanya mai zagaye kamar naɗin gammo. Fim mai hoto 36 ya fi mita ɗaya da rabi, faifan ne yake riƙe shi a naɗe, ba tare da wani zagaye ya taɓa na kusa da shi ba, domin magani ya ratsa ko'ina. A bakin hanyar akwai ƴaƴan boris biyu ƙanana. In ka tura bakin fim ya wuce su, ka riƙa murza faya-fayan gaba da baya, su ne suke cafke gefen fim suna tura shi ciki. Da zarar fim ya shiga tanki an rufe murfi, sauran aikin duka a sarari ake yinsa. Duhu na ƴan mintoci kawai ake bukata, na fitar da fim daga kwanso a naɗa shi a faifai. Amma a cikin waɗannan mintoci ne yawancin masu koyo suke ɓata aikinsu.

Na ce ai ƙuryar ɗakin Inna ba ta da taga. Ya ce in je in zauna a ciki da dare, in rufe ƙofa, in jira minti goma da farar takarda a hannu. In na ga takardar, ba duhu ba ne. Na yi haka. Da farko na rantse ko tafin hannuna ba na gani. Kafin minti goma sai ga zaren haske a ƙarƙashin ƙofa, ga wasu ƴan ɗigo a rufin kwano inda aka taɓa buga ƙusa, ga takardar tana fari a cinyata. Ashe abin da muke kira duhu a gidajenmu duhun ido ne kawai, fim ba ya yarda da shi.

Maganin wannan shi ne jakar duhu, wadda masu hoto suke tafiya da ita: baƙar jaka mai ruɓi biyu, da zif biyu, da hannuwa biyu kamar na riga masu roba a baki. Ta tsohon ɓeraye sun cinye. Na sayi baƙin yadi mai kauri na kai wa telanmu, na zana masa abin da nake so, yana ɗinki yana tambayata ko rigar aljani ce. Da ya gama na kunna tocila na sa a ciki, na rufe, na shiga ƙurya na duba ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Wurare uku haske ya leƙo, aka ƙara musu ruɓi na uku. Duk da haka na yanke shawarar in haɗa biyun: jaka a cikin ƙurya, da dare, bargo a ƙofa. Na kuma sa kwali a cikin jakar don ya ɗaga yadin daga kan hannuwana.

Magungunan, wato garin ID-11 da ruwan tsayar da hoto, wani tsohon ɗalibina ne ya kawo mini daga Faransa, sai da na jira wata uku. Wannan jira ya yi mini rana, domin a cikinsa na yi koyo. Tsohon ya ba ni wani ƙonannen fim, ya ce in naɗa shi sau ashirin ido buɗe, sau ashirin ido rufe, sau ashirin a cikin jaka. Ya koya mini yanke siririn harshen fim a miƙe tsakanin huji da huji, in ɗan rage kaifin kusurwoyin don kada su maƙale. Ya koya mini riƙe fim ta gefe kawai, da gane bakin faifai ta ƴan tudu biyu da babban yatsa yake ji. Ya koya mini jera kaya a wuri ɗaya kullum: almakashi a dama, mabuɗin kwalba kusa da shi, tanki a hagu da sandarsa a ciki, domin wanda ya manta da sandar, haske zai shiga ta mazurari ya ƙone masa kome. Ya ce in cire agogo, in bar waya a waje. Abin da ya fi nanatawa kuwa shi ne laima: ɗigon ruwa ɗaya a faifai, ko gumin hannu, yana sa jalatin ya yi danƙo, fim ya kafe. Ya ce, "In ya kafe, kada ka yi kokawa da shi. Saka shi a tanki yadda yake, ka rufe, ka fid da hannunka, ka sha iska. Duhu ba ya gudu."

Na zaɓi wani daren Disamba, lokacin hunturu, don sanyi ya rage mini gumi. Na wanke hannu da sabulu na bushe su sarai, na yi bisimilla, na zura su cikin jaka. Mabuɗin kwalba ya ɓalle murfin kwanson, kwarkwaron ya zamo cikin tafina. Nan take na ji bambanci. Fim ɗin da na yi koyo da shi laushi gare shi kamar tsohon tsumma, wannan kuwa ya shekara talatin da biyu a naɗe, ya sandare, yana nannaɗewa a yatsuna kamar ganyen da rana ta busar. Na yanke harshen, na laluba bakin faifai, sau uku yana kuɓucewa, a na huɗu ya shiga. Na fara murzawa, ina jin ƙas ƙas na boris, zuciyata ta ɗan kwanta.

Bayan an shiga wajen rabin mita sai ya tsaya cik. Na san abin da aka ce in yi. Na kuma san cewa hotunan da nake nema duka suna cikin wannan rabin mita na farko, sanin nan ne ya ruɗe ni. Gumi ya keto mini duk da sanyin, iskar cikin jaka ta yi ɗumi, na ce bari in ƙara murzawa sau ɗaya kawai da ɗan ƙarfi. Sai na ji wani ɗan ƙara a ƙarƙashin babban yatsana, fim ya lanƙwashe. Na daskare. Ba abin da zan iya gani, ba wanda zan tambaya, kuma ban san fuskar wa ke ƙarƙashin yatsana ba.

A lokacin ne na bi maganar tsohon, bayan ɓarna ta riga ta auku. Na raba faya-fayan biyu a hankali, na bar fim ya koma naɗinsa, na saka shi cikin tanki da sanda, na murɗa murfi har ya kama, na zare hannuwana. Na fita tsakar gida na zauna kusa da randa. Inna ba ta yi barci ba, daga ɗakinta ta ce, "An gama?" Na ce da saura. Ba ta ƙara tambaya ba. Na buɗe jakar ta sha iska, na goge faifan na bar shi ya bushe, na yi alwala, na zauna har rabin sa'a. Da na koma, na ƙara rage kusurwoyin bakin fim da almakashi, na riƙa murzawa kaɗan kaɗan, duk sa'ad da na ji nauyi sai in ɗan bubbuga gefen faifan da yatsa in saurara. A haka ya shige gaba ɗaya. Na yanke shi daga kwarkwaro, na zura faifan a sanda, na rufe.

Da asuba ruwan randa ya yi sanyi ƙwarai, har sai da na ɗiga masa na zafi kafin ma'auni ya nuna digiri 20. Mililita 290 ke rufe faifai ɗaya. Na zuba maganin wanki na bar shi minti goma bisa shawarar tsohon, ina kifa tankin ina tayarwa na daƙiƙa goma a kowane minti. Na zubar, na ɗauraye, na zuba na tsayarwa minti biyar. Wanda ya san Damagaram ya san ba a barin ruwa yana zuba a banza, saboda haka na bi hanyar da kamfanin Ilford ya koyar: a cika tanki a kifa sau biyar a zubar, a sake cikawa a kifa sau goma, a sake a kifa sau ashirin. Na yayyafa ruwa a makewayi don ƙurar hunturu ta kwanta, sa'an nan na buɗe murfi.

Fim ɗin ya yi hazo, toka-toka daga farko har ƙarshe, aikin zafin shekaru ke nan. Amma da na ɗaga shi sama sai ga hotuna, goma sha uku. Ga dawakai da lifidi a ƙofar fada, ga masu algaita, ga ni kaina da babbar riga wadda ta kai mini har ƙasa. Auta yana cikin uku na ƙarshe. A na goma sha ɗaya ya motsa, fuskar ta shafe. A na goma sha biyu yana tsaye a ƙofar gidanmu, hannun wata mace, wadda ba a ga sauran jikinta ba, yana riƙe da kafaɗarsa. Na goma sha uku shi ne wanda Baba ya matso kusa ya ɗauki fuskar ita kaɗai, kuma a daidai nan fim ya lanƙwashe. Lanƙwasa tana barin tabo mai siffar jinjirin wata, nawa ya ratsa daga goshi zuwa kunci. Fim ɗin ya jure zafin shekara talatin da biyu, ni na ɓata shi a daƙiƙa ɗaya. Na faɗa wa tsohon ban ɓoye ba. Ya ce, "Kowane mai hoto yana da nasa jinjirin watan. Naka ya zo a wuri mai tsada."

Da fim ya bushe na kai wa Inna. Ta ɗaga shi, ta ga fuska fara da idanu baƙaƙe, ta mayar mini da sauri, ta ce ba za ta kalli ɗanta a siffar dodo ba. Ranar na ji nauyin wannan kalma yadda ban taɓa ji ba. Na ɗora fim ɗin a kan farin haske, na ɗauka da waya, na juya baƙi ya koma fari, na kai shago aka buga na goma sha biyu a babbar takarda. Ta karɓa ta fita da shi tsakar gida, ta kawo shi dab da idon da ke gani, ta daɗe tana dubawa. Ina jira ta yi kuka. Sai ta ce, "Hular ta yi masa yawa. Na gaya wa babanku tun a kasuwa." Ta sa yatsa a kan hannun da ke kafaɗarsa ta ce, "Wannan nawa ne." Daga nan ta ambaci sunansa na yanka, wanda rabona da jinsa a bakinta tun ina ɗan shekara takwas. Na nuna mata na goma sha uku ma, na gaya mata ni na ɓata shi. Ta ce in ajiye, ai shi ma Auta ne.

Yanzu in na zo kan kalmar lalube a aji, ina ba da ma'anar da ke cikin ƙamus, sa'an nan in ƙara da cewa lalube iri biyu ne. Akwai na wanda bai san abin da yake nema ba, akwai kuma na wanda hannunsa ya koyi hanya sau sittin kafin a kashe fitila, kamar ungozoma ko mai ɗori. Na biyun ma yana kuskure, musamman in zuciya ta riga hannu. Hoton yana rataye a ɗakin Inna, an yi mata aikin ido a bara, tana ganinsa daga kan gadonta. Tankin kuwa na mayar wa tsohon, ya ƙi karɓa, ya ce in riƙe, wataƙila wani ma yana da akwatin da bai buɗe ba.